Takalma a Ƙofar Ɗaki

Ni aka miƙa wa biro,
don na yi malanta shekara talatin
kuma rubutuna bai taɓa karkacewa ba.
A zauren mai unguwa Labbo muka zauna bayan lisha,
iska na kawo warin albasar bana daga rumbuna,
kowa da ƙararsa a baki.

Arzika ya ce janaretarsu ta sace masa barci.
Maidamma ya ce kwatarsu ta ci gindin katangarsa.
Liman ya yi shiru, sannan ya ce
rabin masu wucewa ta ƙofarsa bai san iyayensu ba,
a Aliero fa, inda ya san kakan kowa.

Na rubuta:
ɗaki ɗaya mutum biyu, ba ƙari.
Ƙarfe goma a ja ƙofa a sa kwaɗo.
Mai gida ya haƙa masai kafin ya karɓi sisin haya.
Ɗalibi ya kawo hoto da mai tsaya masa.
Aka buga hatimi, aka shafa fatiha,
aka ce gobe in bi gida-gida da littafi.

Gidan Inna Kulu na fara shiga.
Ɗakunan da marigayi ke jibge albasa
yau kowanne da labule,
da igiyar shanya, da risho, da bokiti mai suna.
Ban tambayi kowa komai ba.
Takalma na ƙirga.

Ɗakin ƙarshe, kusa da rijiya,
silifa huɗu, da kambas ɗaya da aka ɗinke da zaren buhu.
Mutum biyar ke nan.

Wani dogon yaro ya fito, Dantani, ɗan Zuru,
ya rusuna, ya ce, Baba, ba tare muke kwana ba.
Uku na barci, biyu na karatu a tsakar gida,
ƙarfe biyu na dare mu yi musanye.
Katifar ba ta taɓa hucewa ba.
Ya faɗa yana dariya. Ban taya shi ba.

Inna Kulu na bayana, ban ji zuwanta ba.
Ta ce, Malam, wanga haya ita ce gerona,
ita ce maganin hawan jinina.
Masai na biyu, da mi zan haƙa shi?
Ran da numfashi ya sarƙe mini da tsakar dare
wanga yaro ya goya ni har bakin titi.
Da an sa kwaɗon nan naku,
da yau sadakar arba'in kuka zo ci.

Amma na leƙa bayan gida, na gani da idona.
Maidamma bai yi ƙarya ba.
Ruwa baƙi kwance, sauro na biki a kai,
katanga ta tsage kamar diddige.
Jikansa ya kwanta zazzaɓi sau uku a daminar nan,
ni na raka su asibiti.

Na tsaya tsakanin kwata da rijiya,
littafi a buɗe, biro na gumi a hannuna.
Ɗiyata Nuratu na can Ƙaura Namoda tana karatu.
Ban taɓa tambayarta su nawa ne a ɗakinsu ba.
Ƙila yanzu haka wani dattijo mai kyan rubutu
yana duƙe yana ƙirga takalminta.

Na ce wa Dantani, Asabar ku nemo diga da shebur,
ku biyar ɗin, har da mai kambas.
Ni zan roƙi Arzika buhun siminti,
in ya ƙi, in tuna masa wa ya koya masa baƙi.

A gurbin da aka ce adadi,
na rubuta biyu.

Da dare mai unguwa ya karɓi littafin,
ya matso da fitila, ya daɗe yana kallo.
Ya ce, Malam, yau hannunka rawa yake yi?
Na ce tsufa ne.
Ya rufe littafin, ya tura mini goro.